Yadda A Ke Fara Binciken Asalin Gida

A makarantunmu akwai yara da yawa waɗanda in an tashe su daga barci aka ce su jero sarakunan Kano tun daga Bagauda, ko sarakunan Zazzau tun daga Malam Musa, sai su zubo su tiryan-tiryan ba gargada. Amma in aka dubi ɗayansu aka ce, "To, kai fa, wane ne uban kakanka? A wane gari aka haife shi, kuma mece ce sana'arsa?" sai ya sunkuyar da kai, ya shiga tonon ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. Ba mu ga laifin yaron ƙwarai ba. Labarin sarakuna yana cikin littattafai, an buga shi, ana koya shi a aji. Labarin gidanku kuwa ba wanda ya buga. Yana cikin kawunan tsofaffi uku ko huɗu, su kuwa ko wace shekara raguwa su ke yi. Ranar da aka kai na ƙarshensu makwanci, abin da bai faɗa wa kowa ba ya tafi ke nan, ko Sarki ne ya aiko nema ba za a samu ba.

Sabo da haka mu ke so mu nuna muku, ku 'yan makaranta, inda a ke kama bakin zaren wannan aiki. Ba ya bukatar kuɗi. Littafin rubutu guda, da alƙalami, da ladabi, da haƙuri, sun isa mafari.

Kuskuren da mafi yawan masu farawa su kan yi shi ne su fara daga nesa. Yaro ya ji an ce mutanen gidansu daga Gabas suka zo, sai ya buɗe shafin farko ya rubuta Makka, ko Misra, ko Yamal, sa'an nan ya rasa abin da zai sa a shafi na biyu. Mai haƙa rijiya ba ya farawa daga ruwa, daga inda ƙafarsa ta ke tsaye ya ke sa sungumi. Ka fara da kanka: sunanka na yanka, da laƙabinka, da ranar haihuwarka, da garin. Sa'an nan ubanka da uwarka, da 'yan'uwan ko wanensu, da wanda suka haɗa uwa da uba, da wanda suka haɗa uba kaɗai. Sa'an nan kakanninka huɗu. Mun ce huɗu da gangan, gama mu Hausawa mu kan bi dangin uba mu bar na uwa, alhali kuwa jinin duka ɗaya ne a jikinka. Bayan kakanni huɗu akwai iyayensu takwas, bayansu 16, in ka hau hawa goma sai ka iske mutum 1,024. Ba wanda zai san su duka, kuma a gidajen da a ke auren zumunci mutum guda ya kan fito a wuri biyu ko uku. Amma wannan lissafi ya isa ya nuna maka wanda ya riƙe sunan kaka guda ɗaya mai sarauta yana taƙama, ya bar ɗaruruwa a baya bai ko tambaye su ba.

Tsohon da ya ke da shekara 80 a yau, an haife shi wajen ƙarshen yaƙin Hitila. Yana yaro ya zauna gaban kakansa, kakan nan kuwa mai yiwuwa ne ya ga shigar Turawa Kano da idonsa cikin watan Fabrairu na 1903. Kun ga ashe baki biyu kaɗai ke tsakaninku da zamanin da ba a san jirgin ƙasa ba a ƙasar nan. Wannan ba ƙaramin arziki ba ne, kuma ba zai daɗe a hannunku ba.

Zuwa wurin tsoho yana da ladabinsa. Kada ka faɗa masa da littafi a buɗe kamar mai karɓar haraji. Ka tafi da ɗan goro, ka durƙusa ka gai da shi, ka zaɓi lokacin da ya ke hutawa, bayan la'asar ko da dare wajen hira. In ka ce, "Baba, a ba ni tarihin gidanmu," sai ya ce ba shi da wani tarihi, don a ganinsa tarihi na sarakuna ne. Amma in ka ce, "Baba, wa ya haƙa rijiyar nan ta bayan gida?" ko "Wa ya dasa tsamiyar nan?" ko "Me ya sa gonarmu ta ke nesa, ta gidan su wane ta ke kusa?" to, ka buɗe bakin buhu. Ka bar shi ya yi ta ratse. Sau da yawa abin da ya faɗa cikin ratse ya fi abin da ka zo nema daraja. In kana da wayar hannu mai ɗaukar magana, ka nemi izninsa tukuna, sa'an nan ka ɗauka, amma duk da haka ka kwafe a takarda daren nan, gama waya tana ɓata, tana lalacewa.

Kada kuwa ka tsaya a zaure. Maza sun san wanda ya haifi wane, da wanda ya yi sarauta, da iyakar gona. Mata su ne suka san wadda aka auro daga ina, da wadda ta fita, da 'ya'yan da suka mutu a goye, da wanda aka ba riƙo. Cikin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna a Giwa ta ƙasar Zazzau tana rubuta abin da wata tsohuwa, Baba ta Karo, ta ke faɗa mata. Baba ba ta yi karatun boko ba, ba ta kuwa taɓa riƙe sarauta ba. An haife ta wajen 1877, ta rasu cikin 1951, littafin ya fito cikin 1954. A ciki ta kawo asalin gidansu daga Barno, ta lissafa aure da haihuwa na dangi masu yawa, ta faɗi yadda a ke zama da bayi a rinjin gidansu, da yadda mahara su ke kama mutane a hanya, da yadda a ke fansar su. Har yau masana na duniya suna komawa ga littafin nan in suna neman sanin zaman gida a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa. Da an yi jinkirin shekara biyu kaɗai, da ba a sami ko kalma guda ba. Irin Baba kuwa akwai su a ɗakunan gidajenku, ba a dai tambaye su ba ne.

Amma akwai ramummuka a hanyar da ya kamata ku sani tun da wuri, kuma yawancinsu al'adarmu ce ta haƙa su. Na farko alkunya. Kakarka ba za ta ambaci sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, ko na surukinta. Za ta ce "Malam", ko "Mai gida", ko "mai sunan Malam". Kada ka matsa mata, rashin kunya ne. Ka rubuta yadda ta faɗa, ka nemi sunan a bakin wani. Sa'an nan ga laƙabi. Mutum guda ya kan zama Muhammadu a wurin liman, Ɗanjuma a wurin uwarsa don an haife shi ran Juma'a, Tanko a wurin yayyensa mata, Sarkin Aska a kasuwa. In ba ka yi hankali ba sai ka mai da shi mutum huɗu. Ko kuwa ka haɗa mutum biyu su zama ɗaya, gama mu kan mai da sunan kaka ga jika, har a sami Audu ɗan Garba ɗan Audu ɗan Garba. Kalmar "baba" ma ba ta rarrabe uba da ƙanensa da wansa. Riƙo kuwa ya fi duka rikitarwa: yaron da aka yaye aka ba gwaggonsa, ya tashi a ɗakinta, gari duka ya kan san shi da ɗanta ne, sai tsofaffin mata kaɗai suka san cikin da ya fito.

Waɗanda kakanninsu suka shiga makarantar boko ta farko suna da wata wahala dabam. A lokacin nan a kan rubuta yaro da sunan garinsu maimakon na ubansa. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, da sunan Ahmadu Raba aka san shi a Kwalejin Katsina. Haka Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sa'adu Zungur, da Aminu Kano, da Shehu Shagari, duk sunayen garuruwa ne a ƙarshe. Sabo da haka in ka ga mutum biyu a tsohon rajistan makaranta da suna na biyu iri ɗaya, kada ka ce 'yan'uwa ne. Mai yiwuwa gari kaɗai suka haɗa.

Yanzu sai maganar shekaru, wadda ita ce ƙashin bayan aikin. Tsofaffinmu ba su ƙidaya shekara da lamba, da abin da ya faru su ke ƙidayawa. Za a ce maka an haifi wane shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, ko an yi auren wance ana cikin yunwar Kakalaba. Aikinka ne ka ware shafi guda ka jera irin waɗannan alamu da shekarunsu. Basasar Kano tsakanin Tukur da Yusufawa ta fara cikin 1893. Turawa sun ci Kano da Sakkwato cikin 1903, cikin wannan shekara kuma aka yi yaƙin Burmi. Tawayen Satiru 1906. Tauraro mai wutsiya da ya tsorata mutane ya fito cikin 1910. Hanyar jirgi ta iso Kano cikin 1911. Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce, babbar annobar mura kuwa ta 1918. Ga na kusa kuma: samun mulkin kan Nijeriya da Nijar 1960, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, canjin fam da sule zuwa naira da kwabo 1973. Ko wace ƙasa tana da nata, ambaliya ko gobara ko naɗin hakimi, sai ka ƙara. In tsohuwa ta ce, "Ina goyon ubanka aka canja kuɗi," ka sami shekarar haihuwarsa, kuskuren bai wuce shekara ɗaya ko biyu ba. Irin wannan magana ta fi takardar shaidar shekaru da aka je kotu aka yi rantsuwa aka karɓo don neman aiki gaskiya nesa ba kusa ba.

In ka sami shekara a rubuce cikin littafin malamai, ta Hijira ce. Shekarar wata ta gaza ta rana da wajen kwana 11, watau shekara 33 ta Hijira daidai ta ke da 32 ta Miladiyya. Ga hanya mai sauƙi: ka raba shekarar Hijira da 33, ka ɗebe abin da ya fito daga cikinta, ka ƙara 622. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rasu cikin 1232. In ka raba da 33 ka sami 37, ka ɗebe saura 1195, ka ƙara 622, ya zama 1817. Ita ce kuwa shekarar.

To, a ce ka tattara labari daga baki biyar ko shida, sai ka iske ba su yi daidai ba. Kawunka ya ce kakanku ya zo zamanin Sarki wane, gwaggonka ta ce a'a, zamanin wanda ya gaje shi ne. Kada ranka ya ɓaci, kada kuwa ka tsaga shafin ɗayansu. Wannan ciwo ya sami manyan littattafai ma, bari mu ba ku misali daga birnin Kano.

Akwai wata zuriya ta malamai a Kano da a ke kira Wangarawa, asalinsu daga ƙasar Mali, sunansu kuwa a haɗe ya ke da unguwar Madabo da tsohon masallacinta. Wani daga cikin masu sanin labarinsu, wanda bai sa sunansa ba, ya zauna cikin shekara ta 1061 ta Hijira, watau wajen 1650, ya rubuta ɗan littafi da Larabci a kan asalinsu, a na kiransa Asalul Wangariyyina. Ya faɗi yadda shugabansu, Shaihu Abdurrahman Zagaiti, ya taso daga Mali da jama'a mai yawa da niyyar aikin haji, yadda wasunsu suka tsaya a garuruwan da aka ratsa, yadda shi ya iso Kano Sarki ya karɓe shi, sa'an nan ya bi zuriyarsa yana lissafawa. Wannan tarihin gida ne sosai, irin wanda mu ke roƙonku ku yi, kuma ya kwana fiye da shekara 300 a hannun masu shi kafin Malam Muhammad Al-Hajj ya buga shi da fassara cikin 1968.

Ga inda gizo ke saƙar. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara da Turanci cikin 1908, wanda kuma aka sa da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, shi ma ya kawo zuwan Wangarawa, da sunan shugaban nan nasu. Amma ya ce zamanin Sarki Yaji suka zo, wanda a ke lissafa sarautarsa daga 1349 zuwa 1385. Littafin Wangarawa kuwa ya ce zamanin Muhammadu Rumfa ne, 1463 zuwa 1499. Tsakani akwai shekara wajen 100, mutum guda kuwa ba ya isowa gari sau biyu a ƙarni biyu. Har wa yau littafin Wangarawa ya ce Shaihun ya bar Mali cikin 835 ta Hijira. Ku gwada lissafin da muka koya muku, za ku sami 1432, watau shekara 31 kafin Rumfa ya hau gado.

Me masana suka yi? Ba su jefar da ko ɗaya ba. Sun tambayi ko wane littafi tambaya uku: wa ya rubuta ka, yaushe, kuma me ya ke so a sani? Littafin Wangarawa ya fi kusa da abin da ya faru, gama Tarihin Kano, yadda ya zo hannunmu, ya ƙare ne a kan Sarki Muhammadu Bello wanda ya rasu cikin 1893, masana da yawa kuwa suna ganin a zamaninsa aka harhaɗa shi. Amma kusanci ba shi ne gaskiya duka ba, don mai rubuta labarin gidansu yana da dalilin jingina kakansa ga sarkin da ya fi kowa suna. Waɗansu suka ce mai yiwuwa ne Wangarawa sun yi ta zuwa ayari bayan ayari cikin shekaru masu yawa, daga baya aka tattara zuwan duka aka ɗora wa mutum guda wanda sunansa ya fi fita. A ganinmu wannan magana tana da ƙarfi, domin haka labarin baka ya ke yi ko ina: ya kan haɗiye ƙananan mutane ya bar babba. Shekarun sarakunan ma da muka kawo muku, ku sani ba a cikin Tarihin Kano su ke ba. Littafin tsawon sarautar ko wane sarki kaɗai ya faɗa, Palmer ne ya fara daga shekarar da aka tabbata ya yi ta ɗebewa yana komawa baya har ya kai Bagauda cikin 999. In an yi kuskuren shekara biyar a sarki guda, duk waɗanda ke gabansa sun gusa.

Haka za ka yi da kawunka da gwaggonka. Ka rubuta maganar ko wane a shafinta, da sunan mai faɗa, da ranar da ya faɗa, da wurin wanda shi ya ji. "Na gani da idona" dabam, "kakata ta gaya mini" dabam, "haka a ke faɗa" dabam. Sa'an nan ka auna da lissafi. Tsakanin haihuwar uba da ta ɗansa, in an daidaita, a kan sami wajen shekara 30, ko da ya ke a ƙasarmu, inda dattijo ya kan haihu yana da shekara 60, ya kan zarce haka. In aka ce maka kakan kakanka ne ya karɓo tuta a hannun Shehu cikin 1804, ka ƙidaya: daga nan zuwa yau fiye da shekara 220 ne, hawa huɗu ba su cika cike wannan rata ba, sai shida ko bakwai. Ba lalle ƙarya aka yi maka ba, sunaye biyu ko uku ne suka zube a hanya, galibi na waɗanda ba su yi sarauta ba ko suka mutu da ƙuruciya. Ka gwada wannan ma'auni a kan salsalar Shehu kansa, wadda malaman gidansu irin su ƙanensa Abdullahi suka kiyaye a rubuce. Daga Shehu, wanda aka haifa cikin 1754, zuwa Musa Jakollo wanda ya taso da jama'arsa daga Futa Toro ya sauka ƙasar Ƙwanni, akwai kakanni wajen goma. Lissafi ya ba da shekara 300 da 'yan kai, ya kai mu ƙarni na 15, nan ne kuwa masana su ke sa zuwan nasa. Salsalar da aka rubuta da wuri ta kan jure awo.

Maroƙa da makaɗa su ma ma'aji ne, wani maroƙin ya kan jero kakannin gida goma ba numfashi. Ka saurare shi, ka rubuta kirarin da taken, gama a cikinsu a kan sami sunan tsohon gari ko na wani yaƙi da kowa ya manta. Sai dai ka tuna abincinsa a bakinsa ya ke. Ba a taɓa ba maroƙi riga don ya tuna wa mutum kakansa da ya gudu daga fagen fama ba.

Akwai kuma shaidun da ba su magana. Tsagar fuska ɗaya ce: zanen Gobirawa, shida a kunci guda bakwai a ɗayan, ba ya ɓoyuwa, tsohon wanzamin gidanku kuwa ya san askar ko wane gida. Yanzu an bar yin tsaga a wurare da yawa, sabo da haka ka zana ta kakanka a littafinka tun yana da rai. Wasan taubasantaka shi ma alama ne. In mutanen gidanku suna wasa da Fulani, a bincika ko akwai jinin Barebari, kamar yadda Kanawa ke wasa da Zazzagawa, Gobirawa da Yarbawa. Sunan unguwa ma ya kan tona asali. A birnin Kano akwai Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Agadasawa, da Ayagi ta Yarbawa, da Dandalin Turawa. Wannan na ƙarshe ya kan ruɗi yara, su zaci Ingilishi ne suka zauna can, alhali kuwa a dā Larabawan Tarabulus da Gadamus a ke kira Turawa. Kalma ta kan sauya ma'ana ta bar mai bincike a daji.

Bayan ka ƙare da baki, sai takarda. Ka fara da ta cikin gida. Malamai su kan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a bangon littafi ko a gefen shafi, mai kwafar littafi kuwa ya kan sa sunansa da na ubansa a ƙarshe. Ka roƙa a buɗe maka gafaka da tsohon adaka. Takardar sayen gida, da rasit na haraji ko na jangali, da takardar sallama ta wanda ya je yaƙin Bama, da bayan tsohon hoto, duk abin dubawa ne. Waɗanda gidajensu ke bin addinin Kirista su nemi rajistan baftisma da na aure a ikilisiyarsu, gama a nan a kan rubuta sunan iyaye da shekara. Littattafan alƙalai na rabon gado sun fi kome amfani, don shari'a ba ta raba dukiya sai an lissafa magada duka, maza da mata. A Kaduna akwai Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, inda a ke ajiye rahotannin da Turawan mulki suka rubuta sa'ad da su ke zagaya gundumomi suna ƙidayar haraji, da jerin hakimai da dagatai. Akwai kuma Gidan Arewa, wanda aka kafa cikin 1970 a gidan da Sardauna ya zauna. Amma kada ka ɗauka duk abin da Bature ya rubuta yankakke ne. Shi ma a bakin tafinta ya ji, tafinta kuwa a bakin dagacin da ke son sarauta ta tabbata a gidansa. Kuma sunan talaka bai cika shiga waɗannan takardu ba sai in ya yi ƙara ko an ƙara shi.

In aka ce maka wani ɗan'uwan kakanka ya tafi bai komo ba, kada ka ja layi ka rufe. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro da yawa sun zauna a Salaga da zangon Kumasi, zuriyarsu na can. Masu tafiya haji da ƙafa da yawa sun tsaya a Sudan, bayan yaƙin Burmi kuwa ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya kai jama'a bakin Kogin Nilu suka kafa garin da a ke kira da sunansa. Ka rubuta sunan wanda ya tafi, da shekarar, da inda aka ce ya nufa. Wata rana wani daga can zai zo da rabin labarin yana neman rabin da ke hannunka.

Saura magana guda mai nauyi, ba kuwa za mu kauce mata ba. Wani zai yi ta bincike ya iske tsofaffi sun yi shiru a kan wata kaka, ba a san garinsu ba, ba a san ubanta ba. Sau da yawa ma'anar shirun nan ita ce kamo ta aka yi. Bauta ta yi yawa ƙwarai a ƙasar nan cikin ƙarni na 19. Dokar Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a kashe bauta ɗungum a dokar Nijeriya ta Arewa ba sai 1936. Gidaje masu yawa, har da na sarauta, suna da irin wannan kaka, gama sarakuna da dama 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne. Abin da za ka iya samu game da ita, ko sunan ƙabilarta ne kaɗai, ko wata waƙa da ta ke yi wa jikoki da harshen da ba a ji, ka rubuta shi da daraja kamar yadda ka rubuta na mai rawani. Dorugu, wanda aka kama yana yaro a ƙasar Damagaram, aka 'yanta shi a Kukawa, ya bi Barth har Ingila cikin 1855, ya zauna ya faɗa wa Schön labarin iyayensa da kamunsa da Hausa, ba ya ɓoye kome. Labarin nan ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885, yana kuwa cikin tsofaffin labaran rayuwa da a ke da su da harshenmu. Amma fa ka rarrabe abin da za ka rubuta da abin da za ka yaɗa. Asirin gidan wani ba naka ba ne, kuma littafinka ba makami ba ne na tsokanar maƙwabci ko tada tsohuwar rigimar gona. In tsoho ya ce, "Wannan tsakanina da kai ne," to, ya tsaya nan.

Labarin can farko kuwa, na zuwa daga Bagadaza kamar na Bayajida, ko daga Yamal kamar na sarakunan Barno, ka rubuta shi yadda aka faɗa maka, kada ka yi wa mai faɗa dariya. Ka sa shi a shafinsa, ka rubuta a sama cewa wannan abin da gidanmu ke faɗa ne game da kansa. Abin da ka tabbatar da shaida biyu kuwa ka sa a wani shafi dabam.

In littafin ya fara cika, ka koma wurin waɗanda suka ba ka labari ka karanta musu. Nan za ka ji "A'a, ba haka na ce ba," nan kuma wani sunan da ya ɓace zai faɗo wa tsohuwa a rai. Ka rubuta da tawada mai kyau, ka bar fili a ƙarƙashin ko wane suna don abin da za a samu gaba. Sa'an nan ka kwafi littafin sau biyu, ka ba wani ɗan'uwa da ke zaune a wani gari guda ya ajiye, sabo da gara da gobara da ɗigar ɗaki da damina.